Darasi Na 12: Jinyar Jiki Da Jinyar Zuci

A ranar 21 ga watan Nuwamba, 2021, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Napoli ta kara da Inter Milan a ƙasar Italiya. Ana cikin wasa sai Victor Osimhen, ɗan wasan Nijeriya haifaffen Legas, ya yi tsalle domin ya sa wa ƙwallo kai, suka yi karo da wani ɗan wasan baya. Ƙashin kumatunsa da na gurbin idonsa suka karye. Likitoci suka yi masa tiyata, ya yi kusan wata 2 bai buga wasa ba.

Ɗan wasan da ya ji irin wannan rauni jinya biyu ce a gabansa. Ta farko ita ce ta jiki, wadda likita yake lura da ita. Ta biyu kuwa ita ce ta zuci. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ƙashi yakan haɗe, amma tsoro ya zauna. Ɗan wasa mai tsoro yakan ɗaure jikinsa, ya yi jinkiri a inda ake bukatar hanzari, wannan kuma yana iya jawo masa wani raunin.

Ɗaya daga cikin dabarun da masana halayyar ɗan Adam suke koya wa masu jinya ita ce hoton zuci. Mutum zai zauna a wuri marar hayaniya, ya rufe idanunsa, ya ga kansa yana gudu, yana tsalle, yana sauka lafiya. Zai yi ƙoƙarin jin ihun 'yan kallo da taushin ciyawa a ƙarƙashin ƙafarsa. Dalilin amfanin wannan dabara shi ne, sassan ƙwaƙwalwa da suke tsara motsi suna aiki ko da mutum tunanin motsin kawai yake yi. A wani bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa a shekarar 2004, mutanen da suka yi mako 12 suna motsa ƙaramin yatsa a zuci kawai sun sami ƙarin ƙarfin yatsan da kimanin kashi 35 cikin 100.

Sai dai hoton zuci ba ya ɗinke tsoka, ba ya ɗora karaya. Taimako ne ga magani da motsa jiki. Wanda ya koma fili kafin likita ya ba shi izini ya yi ganganci. Sannu ba ta hana zuwa.

Osimhen ya dawo wasa a watan Janairu, 2022, sanye da baƙin makarin fuska, kuma bai daina sa wa ƙwallo kai ba. A kakar wasa ta 2022/2023 ya ci ƙwallo 26 a gasar Italiya, Napoli ta ɗauki kofin bayan shekara 33, aka kuma zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 2023.

Sababbin Kalmomi

jinya: zaman magani da kula da marar lafiya
tiyata: aikin da likita yake yi ta hanyar yanka jiki
karaya: karyewar ƙashi
ganganci: shiga haɗari da gangan

Tambayoyi

1. Wane rauni Osimhen ya ji, kuma a wace shekara?
2. Ta yaya tsoro yake cutar da ɗan wasa?
3. Bayyana yadda ake yin hoton zuci.
4. Fito da karin magana biyu daga cikin darasin, ka faɗi ma'anarsu.

Aikin Gida

Abokinka ya karye a wasan makaranta, yana tsoron komawa fili. Rubuta masa wasiƙa mai jimla 10, ka ƙarfafa masa gwiwa.