Na'urar da Ta Ƙirga Ƙarya

'Yan'uwa ɗalibai, ga darasin da kunya ta koya mini. Na haɗa Arduino don ta ƙirga dannin maɓalli a gaban aji. Na danna sau ɗaya, ta nuna bakwai. Yara suka bushe da dariya.

Ashe ƙarafan maɓalli sukan yi tsalle kafin su zauna, ita kuwa tana ƙirga kowane tsalle. Doguwar waya kuma eriya ce, tana kwaso hayaniyar fanka.

Sai na gajarta wayar, na haɗa ƙafar shiga da wuta ta rizisto mai om 10,000, da ƙasa ta kafasita mai nanofarad 100. Sa'an nan na umarce ta ta toshe kunne milisakan 20 bayan kowane ƙirge. Ƙirge ya daidaita.

Ku jarraba kayanku kafin shiga aji.