Darasin Wannan Wata: Musa, Uwarsa, da Yaran Dajin Birnin Gwari

Karatu: Fitowa 2:1-10; Ayyukan Manzanni 7:20-23.

Darasinmu na wannan wata a kan yara ne, watau yaran ƙauyukan dajin Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna. Wanda bai san ƙasar ba, bari ya sani daji ne babba ƙwarai. A cikinsa ne gandun Kamuku yake, wanda gwamnati ta mai da shi gandun ƙasa a 1999, yana kuwa haɗe da dazuzzukan Zamfara da Neja. Hausawa da Gwarawa da Kamukawa da Fulani suna zaune a ciki, ƙauye nan, ƙauye can, sai ka ce tsibirai a tsakiyar ruwa. Da damina ma waɗansunsu tsibiran gaske ne, gama idan rafi ya kawo, yaron da makarantarsa take a hayi ba shi da dabara sai ya zauna gida har ruwa ya janye.

Amma ba ruwa ne babban shinge ba. Shekaru da yawa 'yan bindiga suka riƙe dajin nan. A watan Maris na 2021 suka faɗa wa makarantar firamare ta Rama, suka tafi da malamai 3. A watan Maris na 2024 kuma aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, cikin ƙasar Chikun, maƙwabciyar Birnin Gwari. Bayan mako biyu da 'yan kwanaki aka komo da 137. Wane malami ne zai ji wannan ya kwana a ƙauye? Wane uba ne zai saki ɗansa da safe da kwanciyar rai? A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari, aka yi sulhu, aka buɗe kasuwar shanu wadda ta daɗe a rufe. Mun gode wa Allah saboda wannan. Sai dai kasuwa takan cika rana ɗaya, makaranta kuwa ba haka take ba. Yaron da ya isa shiga aji ɗaya a 2018, bai samu ba, yanzu ya tasa. Kunya ba za ta bar shi ya zauna benci ɗaya da ƙannensa ba.

Akwai kuma wani abu a zuciyar iyaye wanda ya girmi bindiga. Sau da yawa mukan ji dattawa suna cewa makaranta ɓarauniyar 'ya'ya ce. Yaro ya tafi Kaduna ko Zariya, ya komo hutu yana ƙyamar fartanya, yana gyara wa ubansa magana, ba ya iya durƙusawa ya gai da kakarsa da harshenta. Daga baya ma ba ya komowa. Kada mu yi saurin ce wa dattawan nan jahilai. Abin da suka gani da idonsu suke faɗi, gonar kuwa ba ta nome kanta.

To, bari mu duba Musa. Shi ma yaro ne da aka haifa a kwanakin tsoro, sa'ad da Fir'auna ya ba da umarni a jefa 'ya'ya maza na Ibraniyawa cikin kogi. Ku lura da shirin Allah. Da ya ga dama, da ya ɓoye yaron a gidan ubansa har ya girma. Bai yi haka ba. Ya kai shi fada, inda Istifanus ya gaya mana an koya masa dukan hikimar Masarawa. Wanda zai rubuta shari'a ya kuma bi da jama'a mai yawa cikin jeji, lalle yana bukatar karatu da lissafi, Allah kuwa bai ji ƙyamar a koya masa su a makarantar baƙi ba.

Amma kafin fada, ina aka fara kai shi? Hannun uwarsa. 'Yar Fir'auna ta mayar mata da shi ta yi goyo, har tana biyanta lada! A cinyar Yokabed ya sha nono, can ne kuma, a ganinmu, ya fara jin ko shi ɗan wane ne, da sunan Allahn kakanninsa. Shi ya sa sa'ad da ya kai shekara 40 zuciyarsa ta ja shi ya ziyarci 'yan'uwansa. Fada ta ba shi ilimi, gida ya ba shi mutanen da zai yi wa aiki da ilimin. Da ya rasa ɗaya daga cikin biyun, da Isra'ila ba ta sami mai fitar da ita ba ta hannunsa.

Sabili da haka ba daidai ba ne a ce wa uba ya zaɓa, ko gona ko makaranta. Kuma kada kowa ya ruɗi kansa cewa yaron da ba ya makaranta yana gida yana koyon al'ada. Daji yana da nasa malamai. Ramukan haƙar zinariya suna kiran samari da kuɗin hannu, masu bindiga kuma sun san inda za su sami yaron da ba shi da abin yi.

Dokar ƙasa ta 2004 ta ce kowane yaro ya sami karatun shekara 9 kyauta, tilas ne kuma. Tun 1989 akwai hukumar ilimin makiyaya, da hedkwatarta a Kaduna, wadda aka kafa domin makaranta ta bi yaro inda yake. Ya kamata dattawan ekklisiya su tafi tare da masu gari su roƙi hukuma ta aiko da malamai, gama hakki ne, ba alfarma ba. Amma ba za mu naɗe hannu muna jira ba. Yawancin ekklisiyoyinmu na karkara da ajin karatu suka fara: mai bishara, da allo, da inuwar itace. Abin da ya yiwu a lokacin iyayenmu yana yiwuwa yanzu. A sa aji da maraice bayan an taso daga gona. A ba manyan yara nasu lokaci dabam saboda kunyar da muka ambata, 'yan mata kuma kada a bar su a baya. A fara da Hausa, ko da harshen da yaron yake ji, Turanci ya biyo daga baya. A kira wani tsoho loto-loto ya koya musu sunayen itatuwa da tarihin garinsu, domin yaro ya ga karatu bai raina kakansa ba. Idan maƙwabci Musulmi ko Bafillace ya kawo ɗansa, a karɓe shi da murna, a koya masa baƙi da lissafi, kada a tilasta masa kome.

Ku kuma na birni da kuke riƙon yaran da suka gudo daga daji, ku ne a matsayin 'yar Fir'auna. Ku sa su makaranta, kada ku mai da su barori. Ku bar su su yi harshensu a gidanku, in hanya ta yi kyau kuma ku sallame su su yi hutu wurin iyayensu.

Kafin darasin wata mai zuwa, muna roƙon kowane mai bishara ya zaga gida gida tare da dattijo ɗaya da shugabar zumuntar mata, su ƙidaya yaran da suka wuce shekara 6 ba su iya karatu ba, maza dabam, mata dabam, su kawo lissafin wurin taron majalisa.