Katangar Tsaro Da Hanyar Saƙo

A zangon karatun da ya wuce, saura mako biyu mu fara koyon amsa jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta ake yin ta, sai babbar kwamfutar makarantarmu ta kasa ɗauko sabon gyara daga intanet. Ita ce ake kira saba, watau uwar da sauran kwamfutocin ɗakin ke karɓar tambayoyi daga wurinta. Malaminmu ya ce muddin ba a sabunta manhajarta ba, ba zai buɗe ɗakin ba. Hankalinmu ya tashi, domin yawancinmu nan kaɗai muke taɓa kwamfuta.

Me ya sa gyaran ya zama tilas? Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowace manhaja tana da tsaga, kamfanin da ya yi ta kuwa shi ke aiko da abin liƙewa. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja, WannaCry, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har da na asibitocin Ingila, alhali kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran tun watan Maris. Waɗanda suka yi sakaci su abin ya ci.

Shi gyaran nan ba a dunƙule yake zuwa ba. Ana yanyanka shi ƙanana-ƙanana, kowane yanki da adireshinsa, sa'an nan wasu na'urori da ake kira rauta su riƙa miƙa wa juna shi. Kamar fasinja ne daga Bunguɗu za shi Zariya, sai ya ratsa Gusau, ya wuce Tsafe, ya bi ta Funtuwa, a kowace tasha ana nuna masa motar gaba. In hanya ɗaya ta toshe sai rauta ta nemi wata, in babu kuwa saƙo ya tsaya. Mu mun ga haka a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, ba a mayar wa Gusau ba sai ranar 1 ga Oktoba. Haka kuma a watan Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka sha wuya.

Amma da Malam ya bincika, hanyarmu lafiya lau take. Ashe katangar tsaro ce ta tare saƙon. Ita wannan katanga manhaja ce mai aiki irin na maigadin makaranta ranar ziyara: wanda sunansa ba ya cikin takarda ba ya shiga. An rubuta mata adireshi ɗaya tak, kamfanin kuwa daga wurare da yawa yake rarraba gyaransa, adireshin yana sauyawa.

Wani abokina ya ce, "Malam, a kashe katangar mana na awa ɗaya." Ni kuma na ce a kwafo gyaran a filashi daga wani shago a gari. Malam ya ce, "Don baƙo ɗaya za ku rushe ƙofar makaranta? Kai kuma, ka san hannun da filashin ya ratsa?" Maimakon haka ya rubuta wa katangar sunan kamfanin, ya buɗe ƙofa mai lamba 443, wadda saƙo ke bi a rufe, ya ba sabar kaɗai izinin bi. Da gyaran ya iso, kwamfutar ta duba hatimin kamfanin, ta tabbatar ba a taɓa shi a hanya ba, sannan ta karɓa. Washegari aka buɗe ɗakin.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, idan waya ta nemi a sabunta ta, kada a ƙi don tsoron ƙarewar data, domin kuɗin mutane da yawa yanzu a cikinta suke. Amma fa a ɗauko gyaran daga inda ya dace, ba daga saƙon da wani ya turo ba. Rigakafi ya fi magani.