Yadda Ake Haƙa Ramin Shan Ruwan Sama a Gida

Mazauna Kakau, a ƙaramar hukumar Chikun, sun san abin da Agusta ke yi wa layin da ba shi da kwalta. Ruwa zai sauko daga kwano, ya tarar an dafe tsakar gida da siminti, sai ya fice waje ya yi ta cin jar ƙasa har ya zama kwazazzabo. Rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 20, lita 2,000 yake zubarwa, wato duro goma. Ƙasar gidanka za ta shanye mafi yawansa in ka ba ta wuri.

1. Bi sawun ruwan. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, fita ka ga inda indararo ke zuba da inda ruwan ke gangarawa.

2. Zaɓi wuri a gangaren, aƙalla mita 3 daga ginin ɗaki, nesa da masai da rijiya.

3. Gwada ƙasar. Haƙa rami zurfin gwiwa, ka cika shi da ruwa. In ya tsotse cikin kwana ɗaya, wurin ya yi. In ya kwana biyu, akwai marmara ko yumɓu a ƙasa, sai ka sake wuri, don kada ka buɗe wa sauro gida.

4. Haƙa faffaɗan rami, mita 2 a mita 3. Sassauta ƙasar cikinsa, ka gauraya ta da yashi da ruɓaɓɓen taki, ka bar zurfin santimita 20. Wannan zai riƙe lita 1,200. Ƙasar da ka fitar, yi kunya da ita ta gefen gangare.

5. Ja 'yar hanya daga indararo zuwa ramin, ka jera duwatsu a bakinsa su karya ƙarfin ruwan.

6. Dasa jema ko gamba a gefe. Saiwarsu na kama ƙasa, suna kuma jure rani.

7. Bar mafita a kunyar, ta yadda in ramin ya cika, rarar za ta bi lambatu, ba katangar maƙwabci ba.

Bayan kowane babban ruwa, kwashe leda da laka. A gama haƙa a Afrilu, a dasa da ruwan fari. In mai unguwa ya kira gayya, gida goma suka yi haka, lita 12,000 ke nan da ba za ta bi layi ba.