Allo ya yi baƙi bayan ka shiga? Tsaya tukuna, kar ka yi fomatin

Lokacin haɗa furojet ne wannan matsala ta fi tayar wa ɗalibi hankali. Ka kunna kwamfuta, ka sa kalmar sirri, ta karɓa, sai allo ya yi baƙi ƙirin. Ba folda ko ɗaya, ba layin nan na ƙasa, sai kibiyar linzami kaɗai ke yawo. Da yawa daga nan sai shagon mai gyara, a ce fomatin za a yi, babi huɗu na furojet su bi ruwa. Alhali mafi yawan lokuta fayilolinka na nan lafiya lau.

Ga abin da ke faruwa. A Windows akwai wata manhaja mai suna explorer.exe, ita ce ke jera maka foldodi da layin ƙasa da madannin Start da zarar ka shiga. In ta ƙi tashi, sai ka ga duhu, ko da yake sauran injin na aiki. Abubuwan da suka fi jawo haka: ɗaukewar wuta ko mutuwar batir ana tsakiyar sabunta Windows, bairos da filash ya kwaso a shagon buga takardu, matsalar direban allo, ko cikar ma'ajiya.

Mataki na farko, cire duk abin da ka jona: filash, firinta, wayar HDMI. Wani lokaci kwamfutar na tura hoton ne zuwa wani allo da take zaton yana jone. Sannan ka danna madannin Windows da Ctrl da Shift da B tare. Wannan na sake tayar da direban allo, za ka ga allon ya ɗan ƙifta.

In shiru, sai mataki na biyu. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. A Windows 10 shiga File ka zaɓi Run new task. A Windows 11 rubutun na nan a sama. Rubuta explorer.exe ka danna Enter. Sau da yawa nan take komai ke dawowa. To, kafin ka yi murna, sa filash mai tsabta ka kwafe furojet ɗinka da duk wani abu mai muhimmanci. Wannan ya fi gyaran kansa.

Mataki na uku shi ne gano musabbabi, don in ba haka ba gobe ma za ta maimaita. Koma Run new task, rubuta cmd, ka yi alama a ɗan akwatin da ke ba da ikon mai gudanarwa. A baƙin shafin da ya buɗe rubuta sfc /scannow. Wannan umarni na duba fayilolin Windows, ya gyara waɗanda suka lalace. Yakan ɗau mintuna, saboda haka ka jona caja. In ya ce ya ga ɓarna amma ya kasa gyarawa, kunna intanet ka rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, in ya gama ka sake na farkon.

In ko Task Manager ɗin ya ƙi buɗewa, sai Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da kayan dole kaɗai. A shafin sa kalmar sirri, riƙe Shift, ka danna alamar kashewa a kusurwar ƙasa ta dama, ka zaɓi Restart. Bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sannan ka danna lamba 4. In foldodi suka bayyana a nan, alama ce wata manhaja ko direba ne ke kawo cikas. Cire abin da ka sa a baya-bayan nan, musamman manhajar sata, sannan ka sa Windows Security ya bincike kwamfutar gaba ɗaya. A Advanced options ɗin nan kuma akwai Uninstall Updates da System Restore. Na biyun yana mayar da Windows yadda take kwanakin baya ba tare da ya taɓa takardunka ba.

In duk ka bi waɗannan ba ta tashi ba, ko kana jin wani ƙas-ƙas daga cikinta, kashe ta ka nemi mai gyara. Amma ka gaya masa ƙarara: a fara cire min fayilolina kafin a taɓa komai. Ɗalibai 'yan sashen kwamfuta ma za su iya taimakawa.

A ƙarshe, ba a fafe gora ranar tafiya. Duk babin da ka gama, tura wa kanka ta imel ko ka ɗora a Google Drive, inda ake ba da gigabait 15 kyauta. Kar ka fara sabunta Windows batir na ƙasa, kuma duk filash ɗin da ya je shagon buga takardu a bincike shi kafin a buɗe. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa.