Matakan Haɗa Rahoton Kamfani Kan Ma'aikata da Haƙƙinsu

A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin da suka ɗora wa kamfanoni nauyin mutunta haƙƙin ɗan Adam. Yanzu masu zuba jari da bankuna kan tambayi kamfani su wa ke yi masa aiki, kuma yaya yake riƙe da su. Idan kai aka ɗora wa rubuta wannan rahoto, ga yadda za ka bi.

Mataki na 1: Zaɓi ma'auni. Wanda aka fi amfani da shi shi ne na GRI, ƙungiyar da aka kafa a 1997. Ka kuma tsayar da rana guda ta ƙidaya, misali 31 ga Disamba, kada ka riƙa sauya ta.

Mataki na 2: Ƙirga kowa da kowa. A nan ne yawancin rahotanni ke yin tuntuɓe. Sashen kula da ma'aikata zai miƙo maka sunayen masu cin albashi, ka ɗauka an gama. To ina mai gadin ƙofa, da mai shara, da leburorin da ke lodin buhuna a bayan sito, waɗanda ɗan kwangila ke biya kullum da yamma? Sashe na 2-7 na GRI na ma'aikatan kamfani ne, na 2-8 kuwa na waɗanda ke yi masa aiki alhali ba shi ya ɗauke su ba. A ganina na 2-8 ya fi muhimmanci, domin cin zali ya fi yawa a kansu. Je ka duba rajistar bakin ƙofa, ka gwada ta da takardun ɗan kwangila.

Mataki na 3: Rarraba alƙaluma. Maza nawa, mata nawa, na dindindin da na wucin gadi. Shekaru kashi uku ne: ƙasa da 30, daga 30 zuwa 50, da sama da 50. Yi haka a kowane matsayi, saboda kamfani na iya cika da mata a ɗakin shirya kaya, babu ko ɗaya a hukumar gudanarwa. Kada suna ya fito. A Najeriya dokar kare bayanan mutane ta 2023 tana aiki a nan.

Mataki na 4: Binciki haƙƙi. Akwai wanda ake biya ƙasa da naira 70,000, mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2024? Ana sa yara aiki? Ana riƙe wa wani takardun makarantarsa don kada ya tafi? An bar ƙungiyar ƙwadago ta yi taro? Raunuka kuma ana lissafa su ne bisa kowace awa 200,000 ko miliyan ɗaya ta aiki. Ka tattauna da ma'aikata ba a gaban manaja ba, in ba haka ba sai ka ji "lafiya lau" kawai.

Mataki na 5: Rubuta har da marar daɗi. Koke nawa aka kawo, nawa aka warware, wa aka biya diyya. Sannan a kira mai bincike daga waje ya tantance kafin shugabanni su sa hannu.

Rahoton da ya ce ma'aikata dubu sun shekara babu koke ko ɗaya, masu karatu za su ɗauka tsoron magana ake yi.