Fita Shaƙatawa da Iyali a Dogon Hutu Ba Tare da Cin Bashi Ba: Nazari Daga Kuchigoro

1.0 Gabatarwa

Duk shekara, daga ƙarshen watan Yuli zuwa farkon Satumba, makarantun firamare da na sakandare a Abuja sukan tafi dogon hutu. Yara kan yi murna, iyaye kuwa su shiga tunanin yadda za su yi da su har tsawon mako shida ko fiye. Mai hali yakan kai nasa wuraren wasa na kuɗi, marar hali kuma ya bar su suna gararamba a unguwa. Wannan muƙala za ta duba yadda iyali mai ƙaramin ƙarfi zai iya fita shaƙatawa a wannan lokaci ba tare da ya ci bashi ba. Na ɗauki Kuchigoro a matsayin misali saboda nan na tashi. Ni 'yar ƙabilar Gbagyi ce, kuma a wurin wasa da kasuwa na koyi Hausa kafin na zo jami'a na ɗauke ta a matsayin fannin karatu. Don haka zan haɗa bayanin da nazarin wasu kalmomi, domin amfanin 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda Hausa ba harshen uwa ba ce a gare su.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kalmar farko ita ce "yawo". Ya kamata mai koyon Hausa ya yi hattara da ita, domin ma'anarta ta dogara ne a kan kalmar da ta biyo bayanta. Akwai yawon sallah, da yawon arba'in da mai jego kan yi, da yawon buɗe ido, waɗanda duk abin yabo ne. Akwai kuma yawon banza da yawon dandi, waɗanda babu uban da zai so a jingina wa ɗansa. Wannan ne ya sa idan yaro ya ce wa mahaifinsa, "Baba, za mu tafi yawo," sai fuskar uban ta sauya, amma idan ya ce, "Baba, za mu je ziyara gidan Gwaggo," sai a sa masa albarka. Bahaushe ya fi aminta da fitar da ke da dalili.

Kalma ta biyu ita ce "guzuri", wato abinci ko kuɗin da matafiyi ke riƙewa domin hanya. Abokiyarta ita ce "tsaraba", abin da ake kawo wa mutanen gida bayan an dawo. Sai "karo-karo", inda mutane ke haɗa kuɗi domin wata buƙata guda. Ya bambanta da "adashi", wanda ake zubi ana kwasa bi da bi.

Akwai kuma batun sunan hutun kansa. Masu fassara sukan kira babban hutun ƙasashen Turai da Amurka "hutun bazara". A wurin Bahaushe kuwa bazara ita ce lokacin zafin da ke zuwa kafin saukar ruwa, wajen Maris zuwa Mayu. Namu hutun a tsakiyar damina yake faɗowa, lokacin marka. Saboda haka "dogon hutu" ne sunan da ya dace da shi, kuma wannan bambanci yana da tasiri a kan shirin fita, kamar yadda za mu gani.

3.0 Kuchigoro da Halin da Iyalai ke Ciki

Kuchigoro tsohon ƙauyen Gbagyi ne da ke bakin titin zuwa filin jirgin sama, wanda aka sa wa sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa, kusa da Ƙofar Birni. Tun da aka ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya a 1976, aka kuma dawo da gwamnati daga Legas a ranar 12 ga Disamba, 1991, baƙi suke ta shigowa. A yau za ka tarar da Gbagyi da Hausawa da Ibo da Yarbawa da Tibi da sauransu a layi ɗaya. Tun 2014 kuma akwai sansanin 'yan gudun hijira na Sabon Kuchigoro, wanda akasarin mutanensa daga Gwoza ta jihar Barno suka fito.

Mafi yawan mazauna wurin ƙananan ma'aikata ne da 'yan tireda da leburori da masu gadi da direbobi. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 a Abuja a shekarar 2024, kuɗin mota da na abinci suka bi ta. A wannan shekarar ce aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Magidancin da ke da 'ya'ya biyar, ga kuɗin haya, ga kuɗin makaranta na jiran sa a Satumba, da wuya ya saurari maganar shaƙatawa.

To amma rashin fitar ma yana da nasa hasarar. Na san yara da yawa a unguwarmu da suke hango fitilun babban filin wasa na ƙasa daga ƙofar gidansu, amma ba su taɓa taka tsakiyar birnin ba. Yaron da ya tashi haka yakan ɗauka cewa birnin na wasu ne. Bugu da ƙari, zaman banza na mako shida shi ke kai yaro gidan kallo da bakin kwalbati da miyagun abokai.

4.0 Wuraren da Za a Iya Zuwa

Na kasa wuraren gida uku, gwargwadon nauyin aljihu.

Kashi na farko, wuraren da kuɗin mota ne babban abin kashewa. Lambun Millennium da ke Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a ranar 4 ga Disamba, 2003, an san shi da cewa ba a biyan kuɗin shiga. Yana da fili mai ciyawa da inuwa da rafi, ya ishi yara guje-guje. Bakin tafkin Jabi ma wurin shan iska ne, sai dai hawa kwalekwale da doki na kuɗi ne. Haka nan ana iya zagayawa da yara su ga Masallacin Ƙasa da Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa da Dandalin Eagle, a faɗa musu abin da ake yi a kowanne.

Kashi na biyu, wuraren da ake biyan kuɗin ƙofa. Akwai lambun yara da gidan namun daji na ƙasa da ke Asokoro a gindin Dutsen Aso, inda yaro zai ga jimina da birai da kunkuru ido da ido. Akwai Magicland, wanda a da ake kira Wonderland, kusa da mu ƙwarai. A irin wannan wuri kowane lilo da kuɗinsa, don haka a yi yarjejeniya da yara tun daga gida cewa kowa lilo biyu zai hau. Jirgin ƙasa na cikin birni ma abin kallo ne. An ƙaddamar da shi a 2018, ya tsaya a 2020, aka sake buɗe shi a ranar 29 ga Mayu, 2024, har aka yi ta hawa kyauta a wannan shekarar. Yana bi ta tashoshin Kukwaba da Idu zuwa filin jirgin sama. A tambayi kuɗin tikiti da lokutan tashi kafin ranar tafiya.

Kashi na uku, wuraren da ke bayan gari, waɗanda sai an yi karo-karo an ɗauki shatar mota. Ushafa da ke ƙaramar hukumar Bwari ta yi suna wajen ginin tukwane, har shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarce ta a watan Agusta na 2000, kuma madatsar ruwa ta Usuma da ke shayar da Abuja tana nan kusa. Kafin a tafi, a nuna wa yara takardar naira 20, su ga hoton Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane 'yar Gbagyi da ta rasu a 1984. Dutsen Zuma kuma, wanda ke jikin tsohuwar takardar naira 100, ana ganin sa sarai daga bakin titi a Madalla. Daga nan Suleja ba nisa, garin da asalin sunansa Abuja, daga sunan Abu Ja wanda ya kafa shi a 1828. Gani ya kori ji.

5.0 Dabarun Rage Kashe Kuɗi

Dabara ta farko ita ce asusu. Zangon karatu na uku yakan kai kimanin mako 12, wato kwana 84. Idan aka jefa naira 200 kullum, za a fasa a sami naira 16,800. Idan yara suka san abin da ake tarawa dominsa, su ma sukan jefa ɗan canjin da suka samu.

Ta biyu ita ce karo-karo. Gida huɗu da suka yi irin wancan asusu sun haɗa naira 67,200. Shatar bas ɗaya ta fi sauƙi a kan kowane gida ya yi ta sauka yana hawa, tun da an hana acaɓa shiga tsakiyar birni tun 2006, Keke Napep ma ba ko'ina yake shiga ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A nan ne kuma za a iya sa yaro ɗaya ko biyu na maƙwabcin da ba shi da hali, ko maraya, ko na sansanin gudun hijira da izinin iyayensa.

Ta uku ita ce guzuri. Abincin wurin shaƙatawa ya fi na gida tsada nesa ba kusa ba. A dafa dafa-duka ko ɗanwake a zuba a kula, a haɗa zoɓo ko kunun aya a gora. Watan Agusta lokacin sabuwar masara da ɗanyar gyaɗa ne, suna da araha kuma suna riƙe ciki. Sai dai a fara tambaya ko ana barin shiga da abinci, domin wasu wuraren ba sa bari.

Ta huɗu ita ce zaɓen rana da lokaci. Ranakun aiki sun fi Asabar da Lahadi ƙarancin cunkoso. A fita da sassafe a dawo kafin la'asar, saboda hadari ya fi haɗuwa da yamma. A riƙe lema da tabarmar roba.

Ta biyar ita ce wasannin gargajiya, waɗanda ba a sayen tikiti dominsu. Maza su yi langa, mata su yi 'yar gala-gala ko carafke, manya su zana dara a ƙasa. Idan an gaji a zauna a yi kacici-kacici. Na lura cewa yara sun fi daɗewa suna ba da labarin ranar da mahaifinsu ya tuɓe takalmi ya yi tsere da su fiye da labarin lilon da suka hau.

Dangane da tsaro, rigakafi ya fi magani. A hau mota a tasha, a guji ta bakin hanya saboda ɓarayin da ake kira 'yan wan-cans. A tsallaka babban titi ta kan gadar masu tafiya a ƙasa. A rubuta lambar wayar uba ko uwa a saka wa kowane yaro a aljihu, a damƙa kowane ƙarami a hannun babba guda. Kada a bar yaro ya matsa bakin rafi ko tafki, domin ruwan damina ba ya sallama.

6.0 Amfanin Fitar ga Mai Nazarin Harshe

A Kuchigoro Hausa na daga cikin harsunan da ke haɗa ƙabilu, amma Hausar yaranmu ta ciniki ce. Sun san "nawa ne" da "rage mini", ba su san "jimina" ko "bushiya" ko "gawo" ba. Harsunan gida ma haka suke raguwa a bakinsu. Fita irin wannan dama ce ta cike giɓin. A ba kowane yaro ɗan littafi ya rubuta sunan duk abin da ya gani da Hausa da kuma harshen gidansu, iyaye su taimaka. A haka yaro zai ji cewa harshen kakarsa yana da sunan abin da ya gani a birni.

Ga jinga ga mai karatu:

(a) Kawo kalmomi biyar da ke haɗuwa da "yawo", ka bayyana wadda ke nuna yabo da wadda ke nuna zargi.

(b) Gina jimla ɗaya-ɗaya da "guzuri" da "tsaraba" da "rakiya" da "ban-gajiya".

(c) Rubuta gajeruwar hira tsakanin uwa da ɗanta a kan shirin fita, ka kula da kalmomin girmamawa.

(d) Idan ka je gida hutu, ka tattara sunayen wasannin yara goma na garinku, ka kwatanta su da na Hausa.

7.0 Kammalawa

Wannan muƙala ta yi bayanin wasu kalmomin da suka shafi fita shaƙatawa, ta duba halin da iyalai ke ciki a Kuchigoro, ta kawo wuraren da za a iya zuwa da dabarun rage kashe kuɗi. An ga cewa da asusu da karo-karo da guzurin gida, iyali mai ƙaramin ƙarfi zai iya fita ko da sau ɗaya ne a hutu, kuma kuɗin makarantar Satumba yana nan ba a taɓa shi ba. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, da yake mu ne yayye a gidajenmu, mu ɗauki nauyin shirya wannan fita ga ƙannenmu, mu kuma dawo da kalmomin da muka tsinto domin a yi nazarinsu a aji. Allah ya ba mu hutu lafiya, ya maido mu lafiya.